Fanisau da Matsalar Adana Tarihin Ƙananan Garuruwa ta Hanyar Karo-Karo

Manufar wannan lacca ita ce a dubi wata tambaya wadda masana ba su cika tsayawa a kanta ba, watau wane ne ke biyan kuɗin tattara tarihin ƙaramin gari, kuma me ke sa aikin yakan tsaya a rabi. Tambayar ta taso ne domin a 'yan shekarun nan samari masu ilmi a garuruwan karkarar Kano sun mallaki abin da iyayensu ba su taɓa mallaka ba, watau na'urar ɗaukar hoto mai motsi a cikin aljihu. Sun kuma ji labarin yadda a wasu ƙasashe ake yin karo-karo ta intanet, a shirya fim na tarihi ba tare da an jira gwamnati ko wani attajiri ba. Fim na tarihi da ake nufi a nan shi ne wanda ba wasan kwaikwayo ba ne, wanda ake ɗaukar dattawa da bakinsu, da kufai, da ganuwa, da gona, a haɗa su su ba da labari. Kafin a ce wannan abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba, ya kamata a duba yadda aka yi a baya. Za a ɗauki garin Fanisau a matsayin misali, domin yana cikin ƙananan garuruwa ƙalilan na ƙasar Kano waɗanda aka bi tarihinsu dalla-dalla, aka kuma san wanda ya bi, da wanda ya biya, da tsawon lokacin da aikin ya ci.

Ƙasar da garin yake

Fanisau tana arewa da birnin Kano, bayan filin jirgin sama, a cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo. Tana cikin yankin nan da ya kewaye birni, inda gona ke haɗe da gona, gida ke hangen gida, babu daji a tsakani sai itatuwan da aka bari da gangan, kamar kuka da ɗorawa da gawo da tsamiya. A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa bincikensu a kan wannan yanki, suka nuna yadda manomi ke noma fili ɗaya kowace damina ba tare da ya bar shi ya huta ba, saboda takin da jakuna ke kwasowa daga birni a mangala, su kuma koma birnin da itacen wuta. Bayansu Polly Hill ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta fitar da littafinta a 1977. Abin da ya dace a lura da shi shi ne, ƙasa mai yawan jama'a haka, wadda ta ciyar da birni shekaru aru-aru, kusan ba ta da suna a cikin rubutaccen tarihi. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Haka ma Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Ba laifi ba ne gare su, abin da suka sa gaba ke nan. Amma a cikinsu ƙauye ba ya fitowa sai in an ci shi da yaƙi, ko sarki ya yada zango a cikinsa.

Ta wannan ƙofa ce Fanisau ta shiga takarda. Da aka naɗa Ibrahim Dabo Sarkin Kano a 1819, Ɗan Tunku, wanda ke riƙe da arewacin ƙasar, ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru, har daga bisani Kazaure ta tsaya da ƙafarta a matsayin masarauta dabam. A cikin wannan hali ne Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, watau garin tsaro mai ganuwa inda ake girke mayaƙa, bisa irin tsarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ta kwaɗaitar da sarakuna a kai. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824, bai sami Sarki a birni ba, sai da ya bi shi Fanisau. Labarin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826 ya ambaci garin. Har yanzu akwai gidan Sarki a can, kuma Hawan Fanisau yana cikin hawan da aka sani a bukukuwan Sallah na Kano.

To, amma ribaɗi ba ya tsayawa da mayaƙa kaɗai, sai da abinci. Aka kafa gandaye a kewayen garin, na Sarki da na manyan bayin Sarki da na attajiran birni, aka zuba bayi suna nomawa. Wannan shi ne rabin tarihin Fanisau wanda ba a hawa doki dominsa. Kuma da ba don abin da ya faru a 1975 ba, da ya tafi tare da waɗanda suka san shi.

Rakodar 1975

A tsakiyar shekarun 1970 wasu malaman jami'a biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, suka jagoranci wani shiri na tattara tarihin tattalin arzikin Arewa daga bakin mutane. Suka ɗauki ɗalibai, aka ba su rakoda da kaset, aka tura su ƙauyuka. Ɗaya daga cikinsu, Yusufu Yunusa, shi ya yi aikin Kano da kewayenta a 1975, ya zauna da dattawan Fanisau, ya yi hira da su da Hausa. A yi lissafi kaɗan. Dattijon da ke da shekara tamanin a 1975, an haife shi ne a wajen 1895, watau yana da wayo sa'ad da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ya ga gandu da idonsa, ya san sarkin gandu, ya san gayauna, watau ɗan filin da ake yankar wa bawa ya noma wa kansa bayan ya tashi daga aikin ubangijinsa. Ya san murgu, kuɗin da bawa ke biya a bar shi ya yi sana'arsa, ya kuma san fansa. Da an jinkirta shekara goma, da ba a tarar da kowa daga cikin wannan tsara ba.

Darajar waɗannan kaset-kaset ta fito ne a inda takardun Turawa suka yi shiru. Dokar da Lugard ya kafa a 1901 ba ta 'yanta bayi kai tsaye ba. Ta hana kamu da ciniki, ta kuma ce yaran da aka haifa bayan 31 ga Maris na 1901 'ya'ya ne, amma wanda ke hannu ya zauna a hannu sai in ya fanshi kansa, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin waɗannan shekaru ne jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa a 1912, Turawa suna tsammanin auduga, manoma suka ba su gyaɗa. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa ƙananan manoma masu zaman kansu ne suka tara dalar gyaɗa. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan duka ba. Muhammad Bashir Salau, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar York ta ƙasar Kanada, ya koma kan hirarrakin Yunusa, ya haɗa su da takardun Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna, ya nuna cewa gumin bayin gandu irin na Fanisau yana cikin gyaɗar da aka fara fitarwa. Littafinsa a kan Fanisau ya fito a 2011.

Daga 1975 zuwa 2011 shekara 36 ke nan. Wannan shi ne tsawon lokacin da ya ɗauka kafin maganar dattawan gari ɗaya ta zama cikakken littafi, duk da cewa jami'o'i ne suka ɗauki nauyin aikin, masana ne kuma suka riƙe shi. Babu wanda ya cancanci zargi a nan, godiya ma suka cancanta. Sai dai akwai abin dubawa. An yi hirar da Hausa, littafin ya fito da Turanci, a wani kamfanin ɗab'i na ƙetare, a kan farashin da ba na manomi ba ne. Wanda ya biya shi ya zaɓi masu karatu, kuma masu karatun da aka nufa su ne masanan tarihin bauta na duniya. Jikan dattijon da ya yi magana ba ya cikin lissafi, ba don an raina shi ba, sai don ba da kuɗinsa aka yi ba.

Majigi da wanda ya aiko shi

In aka koma ga hoto mai motsi, za a tarar da abu iri ɗaya, har ma ya fi fitowa fili. Mutanen karkarar Kano ba baƙin fim ba ne. Tun kafin talabijin, motar majigi takan shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a jira duhu, mai bayani ya riƙa fassarawa da lasifika. Asalin abin daga William Sellers ne, wani jami'in kiwon lafiya a Ikko, wanda ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annoba, daga bisani aka ba shi shugabancin sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a Landan a 1939. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan tsari, ta riƙa nuna tsabta, da noman zamani, da rangadin Firimiya. Dattawa da yawa suna tuna Baban Larai. Majigi ya sa mutanen ƙauye sun saba da kallo, amma a kullum shi ke magana, su suna saurare. Ya zo ne ya gaya wa manomi abin da zai yi gobe, bai taɓa tambayarsa abin da kakansa ya yi jiya ba.

Akwai wani misali daga Gabas wanda ya cancanci ambato. A 1949 aka shirya fim mai suna Daybreak in Udi, a kan yadda mutanen wani ƙauye na ƙasar Ibo suka gina ɗakin haihuwa da aikin gayya. Fim ɗin ya ci lambar Oscar a 1950. Mutanen gari suka yi aikin, su ne kuma suka fito a hoto, amma da yake gwamnatin Ingila ce ta biya, gwarzon labarin ya zama Di'o.

Shekara ɗaya, finafinai biyu

Shekarar 1976 ta ba da misalai biyu waɗanda, in aka jera su, sun isa darasi. A nan Nijeriya Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuɗin Gwamnatin Tarayya. Wasan kwaikwayo ne, ba fim na tarihi irin wanda ake magana a kai ba, amma jigonsa bauta ne, watau abin nan da dattawan Fanisau suka gama bayyanawa a kaset shekara guda kafin nan. An kashe kuɗi, an yi aiki mai kyau, an nuna shi, sa'an nan ya ɓace. Tsara guda ta tashi tana jin sunansa ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 2016 aka gano faya-fayensa a cikin tarin tsofaffin gwangwanayen fim na hukuma, wata cibiya ta birnin Balin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Kayan gwamnati ne, kuma an san yadda ake riƙon kayan gwamnati.

A wannan shekara ta 1976 a ƙasar Indiya, Shyam Benegal ya shirya Manthan, labarin kafa ƙungiyar gama-kai ta masu sayar da madara a jihar Gujarat. Manoma 500,000 ne suka biya, kowane ya ba da rufi 2. Da fim ɗin ya fito suka riƙa cika manyan motoci suna zuwa kallon abinsu. An gyara shi, aka sake nuna shi a bikin Kan na ƙasar Faransa a 2024. Abu biyu ne suka sa wannan karo-karo ya yiwu. Na farko, akwai ƙungiya tsayayya wadda manomi ke kai wa madara kowace safiya, saboda haka tara kuɗin bai bukaci a bi gida-gida ba. Na biyu, rabon kowa ya yi ƙanƙanta ƙwarai, har babu wanda zai buga ƙirji ya ce fim ɗin nasa ne. Shi ya sa aka iya nuna rikicin da ke tsakanin manyan dangogi da waɗanda ake ƙyama a ƙauye, ba tare da wani ya janye kuɗinsa ba. Za a sake komawa ga wannan batu.

Karo-karo ta intanet, wanda ake ɗauka sabon abu ne, wannan tsohuwar dabara ce aka sa wa na'ura. Dandalin Indiegogo ya fara a 2008, Kickstarter a 2009, kuma a 2013 wani ɗan gajeren fim na gaskiya mai suna Inocente, wanda aka tara wani ɓangare na kuɗinsa a Kickstarter, ya ci lambar Oscar. Ƙa'idar Kickstarter ita ce a faɗi adadin da ake nema da ranar rufewa, in bai cika ba kowa ya riƙe kuɗinsa.

Gayya, adashi da gidauniya

Bahaushe ba ya bukatar a koya masa haɗa hannu. Yana da gayya, inda samarin gari ke taruwa a gonar mutum ɗaya, da kiɗa da kirari, mai gona ya ciyar da su. Yana da adashi, inda ake zubi a hannun uwar adashi, kowa ya kwasa bi da bi. Mata suna da biki, gudummawar da ake kai wa juna ana riƙe da lissafinta shekara da shekaru. A zamanin nan kuma ƙungiyoyin ci-gaban gari sun gina masallatai da makarantun Islamiyya da ɗakunan shan magani da kuɗin 'yan gari mazauna Kano da Kaduna da Ikko. Hatta sana'ar finafinan Hausa ba daga baitulmali ta fito ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne suka haife ta, kuma Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, shi ake ɗauka mafarinta.

Amma in aka duba waɗannan al'adu da kyau, za a ga kowace tana da ƙarshe wanda ido ke gani. Gayya takan tashi in an kai kunyar ƙarshe. Adashi yakan kewayo ya rufe. Masallacin da kuɗi suka ƙare masa yana nan tsaye a bakin hanya ba rufi, duk mai wucewa yana ganinsa, kunya kuwa ita ce babbar mai karɓar bashi a ƙauye. Fim ba haka yake ba. Ranar da aka kawo na'ura gari ya ɗauka an yi aiki, alhali kuwa ba a kai ko sulusinsa ba. Sauran aikin a ɗaki ake yinsa, mutum ɗaya ko biyu a gaban kwamfuta wata da watanni: a saurari hirar sa'a arba'in, a rubuta ta, a gwada maganar wannan da ta wancan, a zaɓi abin da zai shiga cikin sa'a guda, a gyara sauti, a rubuta fassara a ƙasan hoto, a nemi izinin waƙa da tsofaffin hotuna, a kai wa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Wannan sashe shi ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ba shi da makaɗi. Fim ɗin da ya tsaya a nan ba ya tsayawa a bakin hanya kowa ya gan shi, yana kwance ne a cikin ma'ajiyar kwamfuta, har ranar da ta lalace.

Ga kuma al'adar nan ta ƙaddamar da gidauniya, wadda ma'aikatan gwamnati suka fi kowa saninta. A kafa rumfa, a gayyato babban baƙo, mai sanarwa ya riƙa kiran suna da adadi, a yi tafi. Washegari ma'aji ya buɗe jaka, ya tarar abin da ke hannu bai kai abin da aka shelanta ba, domin alkawari ya fi tsaba yawa. Sau da yawa kuɗin rumfa da abinci sun cinye abin da ya shigo. A nan ne ƙa'idar nan ta ko duka ko babu take da amfani, ko da ba a taɓa intanet ba: a faɗi adadi, a haɗa har da kuɗin ƙarasawa a ciki, kada a kunna na'ura sai ya cika.

Abin da mai kuɗi ba ya so a faɗa

Matsala mafi girma ba ta kuɗi ba ce, ta gaskiya ce, kuma a Fanisau ta fi bayyana. A gari irin wannan zuriyar masu gandu da zuriyar waɗanda suka noma gandun suna zaune unguwa ɗaya, suna salla sahu ɗaya, wataƙila ma sun haɗa jini. Kowa ya san asalin kowa, kuma ladabin zaman tare shi ne kada a faɗa. Maganar takan taso ne kawai a wajen neman aure ko neman sarauta, inda takan yi ɓarna. Salau ya iya rubuta abin da ya rubuta domin littafinsa yana nesa, cikin wani harshe. Fim kuwa fuska yake nunawa, da Hausa yake magana, a ƙofar gidan dagaci za a kalle shi.

To, a ƙaddara mutum uku ne suka ba da kashi biyu cikin uku na kuɗin, kamar yadda aka saba a gidauniyar gari. Ba sai sun ce kome ba. Mai shirya fim da kansa zai san inda zai taka. Zai nuna ganuwa, da gidan Sarki, da dawakin Hawan Fanisau, da jerin sunayen dagatai, ya rufe da makarantar da wane ya gina. Abin da zai fito shi ne Tarihin Kano a ƙaramin faifai, watau labarin masu mulki, alhali dalilin yin aikin tun farko shi ne a ji waɗanda wancan littafi ya tsallake. Darasin manoman Gujarat a nan yake. Naira kaɗan daga hannu dubu ta fi naira mai yawa daga hannu uku, ba don albarka kaɗai ba, har don 'yancin mai aiki.

Wannan ba ya nufin a tona asirin kowa da sunan ilmi. Ana iya bayyana yadda gandu yake, da sa'o'in aikinsa, da yadda ake biyan murgu, ba tare da an nuna gidan wani an ce ga jikan bawa ba. Wanda ya yarda ya faɗi asalinsa da bakinsa, hakkinsa ne, kuma wajibi ne a gaya masa tun farko inda hoton zai kai, domin abin da aka sa a intanet ba ya dawowa. Akwai kuma waɗanda ake mantawa ko da ba a yi nufi ba. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 zuwa 1950 aka buga a 1954, ya nuna cewa tsohuwa ɗaya tana iya riƙe da abin da majalisar dattawa ba ta riƙe ba, game da harin bayi, da yunwa, da aure, da zaman rinji. Ayarin ɗaukar hoto wanda babu mace a cikinsa iyakarsa zaure.

Abin da ya rage a yanzu

Fanisau ta 1975 ba ita ce ta yau ba. Birni ya miƙo hannu ya kusa haɗiye ta, gonakin da aka noma shekara ɗari biyu ana yanka su fuloti-fuloti, kuma da zarar an aza harsashin gini a kan gandu, sunansa yakan bi shi. Abin da ke faruwa a nan yana tafe zuwa ga sauran garuruwan Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Gezawa. Tsarar da Yunusa ya tarar ta shuɗe. Waɗanda suka rage su ne yaran da suka zauna a gefen tabarma suna kallon rakoda tana juyawa, su ma yanzu sun ba sittin baya. Abin da suka sani ji ne, ba gani ba, amma su ne za su iya nuna iyakar gona, su ce nan ne ƙofar gari take, can ne aka haƙa rijiya.

Saboda haka ƙungiyar da ta yi niyyar wannan aiki a Fanisau tana da gatan da sauran garuruwa ba su da shi, watau muryoyin kakanninta suna nan a ajiye, kuma akwai kwafinsu a Cibiyar Harriet Tubman ta Jami'ar York a birnin Toronto. Abu na farko da ya kamata ya shiga takardar kasafinta, kafin na'ura da man mota, shi ne neman kwafin waɗannan hirarraki da izinin amfani da su, a kunna su a gaban 'ya'ya da jikokin masu maganar, a ɗauki abin da za su ce. Abu na ƙarshe a takardar kuwa shi ne ajiya, wadda aka fi mantawa da ita: kwafi ɗaya a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ɗaya a ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, ɗaya a Gidan Arewa da ke Kaduna, ɗaya a hannun makarantar garin, tare da cikakkun hirarrakin da ba su shiga fim ɗin ba, da sunan kowane mai magana, da shekarunsa, da ranar da aka zauna da shi.